Ni da Guduma da Keken Yaya Razak

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a Edmonton, wata unguwa a London, kuma ko na so in manta, mutanen gidana ba za su bari ba. Shekara da shekaru ana ba da labarin nan a kan idona, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suna gyara mini shi da Turanci. Na gaji. Gara in faɗa da bakina sau ɗaya, in ya so a bar ni in huta.

A farkon shekarun casa'in ne. Karatu ya kawo ni London, karatun ya bi ruwa, na koma sharar ofis da safe, gadin kanti da yamma. Duk wanda ya yi irin wannan rayuwa ya san ba ka da komai sai gajiya da labarin gida. Ni labarina guda ɗaya ne, kuma na ba da shi ya fi a ƙirga: Babanmu mai gyaran keke ne a Fagge. Wannan gaskiya ne. Abin da nake ƙarawa shi ne wai a hannunsa na koyi aiki, wai ina iya kwance keke in ɗaura idona a rufe. (Aikina a rumfar bai wuce tsoma tib a kwanon ruwa in nemo huji ba, sai buga famfo. Ranar da na ɗauki sifana Baba ya make mini hannu.) Amma a London wa zai ƙaryata ni? Fagge da nisa.

Abin da na kwaso daga rumfar da gaske kallo ne. Na ga yadda Baba yake cire firiwil, wato haƙoran nan na wilin baya da sarƙa take hawa. Ya kafa ƙusa a wani ɗan rami da ke jikinsa, ya dinga bugu da guduma har ya warware, ya murɗa sabo a kan tiredi, wato zaren ƙarfen da ke jikin cibiyar wilin, shi ke nan. Kowane firiwil yana hawa kowane wili, na Ingila ne ko na Sin ko na Indiya. In kuwa wani abu ya yi gardama, sai ya ɗiga masa baƙin mai, ya ɗora katako, ya ba shi guduma. Yana da magana: "Ƙarfe ba ya jin lallashi." Da wannan ilimin na tsallako teku.

Sai Allah ya haɗa ni da Zuwaira, nas a wani asibiti a Whitechapel, 'yar zangon Kumasi. Iyayenta suna Gana, don haka maganar aure tana hannun wanta, Yaya Razak. In ya ce e, zai buga waya gida a sa albarka. In ya ce a'a, magana ta mutu. Yaya Razak dogo ne siriri, ba ya son surutu, aikinsa kai saƙo a keke a tsakiyar gari, daga wannan ofis zuwa wancan, ko ruwa ake ko iska. Wata da watanni ina zarya gidansa, in durƙusa in gaishe shi, in ajiye goro, amsarsa ba ta wuce "Za mu gani." Zuwaira ta tsegunta mini cewa ya ce 'yan Najeriya baki gare su kamar rediyo, shi aiki yake son gani.

Wata Asabar ina flat ɗinsa muna cin shinkafa da wake irin tasu mai yaji, sai ya dubi kekensa da ke jingine a bakin ƙofa ya yi tsaki.

"Keke nan ya gaji," in ji shi. "In na taka da ƙarfi, sarƙa yana tsalle. Kaset ya cinye."

(Hausarsu ta zango ba ruwanta da mace ko namiji. Kaset ɗin kuma ba na rediyo ba ne, sunan sabon samfurin haƙoran baya ke nan, jerin fayafayan ƙarfe daga babba zuwa ƙarami. A ranar na fara jin sunan, amma na gyaɗa kai kamar da shi aka yaye ni.)

Ya ce ya je shagon keke sun ce wilinsa ɗan Italiya ne, sai sun yi oda, sai Laraba. Ya ce zai lallaɓa ya yi aiki da shi a haka kafin nan. Ku lura da wannan, don shi ne ya fi ci mini rai har yau: keken nan yana tafiya. Ba wanda ya nemi taimakona.

Na ajiye cokali. "Haba Yaya, Laraba kuma? A kan firiwil? Ai wannan ba aiki ba ne a wurinmu. Mu fa gada muka yi, ba haye ba."

Zuwaira ta dube ni ta ce, "Ɗan Kano, ci abincinka."

Ban ji ba. Aikin da ake son gani ne ya kawo kansa, ga shi jingine a bakin ƙofa.

Yaya Razak ya daɗe yana kallona. "Ka iya?"

"Yaya, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

"To. Gobe bayan azahar."

Da safe na hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar Lahadi da ke kusa da Whitechapel, inda ake baza kayan gwanjo a ƙasa, na halak da wanda ba a tambayar asalinsa. Na sami wani Bature da tebur cike da kayan keke, na ce kaset nake so. Ya tambaye ni cibiyar wilin wace iri ce, ta Japan ko ta Italiya, kuma fayafayai nawa take ɗauka. Na yi dariya a raina, na ce ka ji Turawa da son wahalar da kai. Na ce masa keke ne dai mai ƙafa biyu. Ya ɗaga kafaɗa ya turo mini guda biyu 'yan Japan, mai bakwai da mai takwas, kuɗinsu ɗaya. Na san na Yaya Razak bakwai ne, na ƙirga jiya. Amma yaushe Bakano ya taɓa ƙin gyara? Na ɗauki mai takwas. Na haɗa da magagari, na biya gida na ari guduma wurin maƙwabcina, na zura farar shaddata da hula, tunda gidan surukai za ni.

Abin da ban sani ba shi ne ranar Lahadi mutanen zango suke taruwa a ƙarƙashin benen su Yaya Razak a Edmonton, a bencin da ke gefen wurin ajiye motoci, su yi dara su dafa shayi. Kuma Yaya Razak ya riga ya gaya musu. Ina ɓullowa suka matsa suka ba ni fili. A cikinsu akwai wani dattijo, Alhaji Tanko, mai carbi da sanda, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Kai ne ɗan mai gyaran keke? Maraba. Yau za mu ga aikin Kano." Na ɗaga kai, ga Zuwaira a baranda ta harɗe hannuwa.

Na naɗe hannun riga, na yi bismilla, na kifa keke, na cire wilin baya. Har nan lafiya lau. Na kafa ƙusa a zoben da ke riƙe da fayafayan, na ba shi guduma irin ta Baba. Abin ya juya baya, kirrr, bai warware ba. Na sake bugu, ya sake juyawa. Haka muka yi ta zagaye ni da shi, kamar mai bin kaza a tsakar gida. Daga ƙarshe na ce Yaya ya naɗe tawul a hannu ya riƙe mini haƙoran. Ya riƙe. Na yi ta bugu har zoben ya saki.

Ni dunƙule guda nake jira ya fito, irin na Fagge. Ina jawowa sai fayafayan suka tarwatse ɗaya bayan ɗaya, da wasu ƙananan zobba a tsakaninsu, kowa ya kama gabansa. 'Yan dara suka tashi suna tsinto mini a ƙarƙashin motoci. Na dubi cibiyar wilin. Babu tiredi. Wani ɗan gwangwani ne na alminiyam a maƙale, an yi masa tsaga-tsaga a jiki daga sama har ƙasa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin irinsa ba.

A nan ya kamata in tsaya. Da na ce, "Yaya, wannan sabon samfuri ne, mu mayar da naka mu jira Laraba," da an yi dariya kaɗan an koma dara. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna da rediyo.

"Yawwa," na ce. "Irin wannan ne ashe. Ai ya fi sauƙi."

Na ɗauko sabon kaset na ɗora. Ya tsaya a baki. Na juya shi na sake ɗorawa, ya tsaya. Na kifa shi, na karkata shi, na hura masa iska. A cikin ramin kaset ɗin akwai 'yan haƙora da ya kamata su bi tsagar gwangwanin su sauka, to na Japan daban, na Italiya daban, faɗinsu da zurfinsu ba ɗaya ba. Ko makaho ya shafa zai gane ba a yi su don juna ba. Ni ma na gane. Gumi ya fara karyo mini a cikin sanyin nan.

"Ɗan Kano," in ji Alhaji Tanko, "ko bai gane gidan ba ne?"

"Sabo ne, Alhaji. Sabon abu sai an rage masa kaifi."

Na ɗauko magagari na hau gogar gwangwanin. Alminiyam kuwa ba ya gardama, yana ta zuba kamar garin tuwo a kan farar shaddata. In goga in gwada, in goga in gwada. Aka kira la'asar, muka hau flat ɗin Yaya muka yi jam'i. A sujada na roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba: Ya sa kayan Japan su shiga na Italiya. Muka sauko na ci gaba. Da ya fara nutsewa kaɗan, sai na ɗiga masa mai, na ɗora katako, na ɗaga guduma.

Yaya Razak ya yi magana karo na farko. "Da guduma?"

"Ƙarfe ba ya jin lallashi, Yaya."

"A Kano haka ake yi?" in ji Alhaji.

"Haka ake yi."

Allah ya yafe mini abin da na jawo wa Kano a ranar. Na yi ta dakan wilin nan kamar mai sussuka, ƙarar tana dawowa daga bangon benen, Turkawan da ke hawa na ɗaya suna leƙowa ta taga. Ya shiga. Ai dole ya shiga, na riga na cinye duk abin da zai hana shi. Sai dai ƙaramin faifan ƙarshe, na takwas ɗin nan da na ci gyara, babu inda zai zauna, gwangwanin ya cika. Na faki idon mutane na zura shi a aljihun kaftani. Na murɗa tsohon zoben a kai, ya kama da ƙyar a karkace, na ba shi guduma shi ma don kada ya ji an ware shi.

Na mayar da wili, na juya feda da hannu. Sarƙa ta hau, wili ya juya. Wallahi ya juya. Wani ya tafa, Alhaji Tanko ya ce, "A'a, ashe yaron da gaske yake." Yaya Razak ya miƙo hannu zai karɓi keken ya gwada, na ce a'a, a rumfarmu wanda ya yi gyara shi yake fara hawa. (Babu wannan doka a rumfarmu. So nake Zuwaira ta gan ni a kai.)

Na tattare kaftani na hau. Rabona da keke tun Kano, wannan kuwa sirdinsa kamar wuƙa, kansa a lanƙwashe can ƙasa. Na taka a hankali na zagaya wurin motocin sau ɗaya, lafiya. Na sake zagayawa, har da ɗaga wa 'yan dara hannu. Da na sauka a nan, da na ci riba, ko da ta yini ɗaya ce. Sai na ɗaga kai na ga Zuwaira ta sauke hannuwanta tana murmushi. Na ce bari in nuna mata yadda ake yi. Na miƙe tsaye a kan feda, na danna da duk nauyina.

Na ji ƙarar abu ya gurje a bayana, sai feda ta tafi fayau, babu komai a ƙarƙashinta. Fayafayan suna juyawa, wili yana kallonsu. Ƙafafuna suka yi ta wulwula iska, na faɗo da ƙarfi a kan sandar tsakiya, a daidai inda ba a faɗa. Numfashina ya ɗauke, na manta inda birki yake. Keken ya gangara da ni a hankali, cikin natsuwa, kowa yana kallo, har ya kai ni cikin manyan bololin shara na hukumar unguwa, na rungumi ɗaya muka kwanta tare. Hula ta yi nata wuri, wando ya yage daga baya.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan sai na ji wani ƙaramin sauti, ƙil-ƙil-ƙil. Faifai na takwas ne ya fice daga aljihuna. Ya gangara a tsaye a kan kwalta, bai kauce ko'ina ba, ya wuce bencin 'yan dara, ya je ya bugi takalmin Yaya Razak ya kwanta.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya shi. Ya dube ni ina kwance cikin ɓawon dankali.

"Wannan fa?"

Alhaji Tanko ne ya dogaro sandarsa ya zo kaina, ya leƙo fuskata ya ce, "Sannu, Injiniya." Daga nan wurin ya ɓarke. Har dattijon da ke dafa shayi sai da ya ajiye buta ya riƙe ciki. Na ɗaga kai sama, baranda babu kowa. Wannan ya fi mini faɗuwar ciwo.

Na koma gida da jaridar wani a bayana, a tsaye cikin bas don zama ya gagara. Gyaran gangar Auzinawa na yi: keken da ke tafiya jiya, yau ko tura shi aka yi kuka yake. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa kaɗai ba ne. Ranar Litinin Yaya Razak bai da abin fita aiki, in kuwa bai fita ba wani za a ba hanyarsa. Daga baya na ji cewa keken cefanen matar maƙwabcinsa Baturke ya ara, mai kwando a gaba, ruwan hoda. Da shi dogon mutumin nan ya yi mako guda yana kai saƙo a tsakiyar London, abokan aikinsa suna yi masa fito.

Na aika aka karɓo mini wilin, na kai shago da kaina. Mai shagon ya daɗe yana kallon gwangwanin, ya tambaye ni ko mota ce ta taka shi. Na ce e. Aka canza cibiyar gaba ɗaya, aka sa kaset ɗan Italiya mai bakwai, ina tsaye na ga ya zura shi da yatsa biyu ya sauka sumul. Rigar sanyin da nake shirin saye ita ta tafi a nan, da tsohuwar na ci hunturun shekarar.

Ranar da na mayar da wilin, sallama na je yi. Na riga na haƙura da Zuwaira, na ma shirya abin da zan faɗa. Na durƙusa a bakin ƙofa na miƙa masa, na ce, "Yaya, a yi haƙuri. Faci kaɗai na iya, shi ma nemo hujin ne nawa."

Ya karɓa ya juya shi a kunnensa yana saurare. Ya jingine shi a bango.

"Na sani," ya ce. "Tun da ka kama guduma na sani."

"To me ya hana ka tsayar da ni, Yaya?"

"Ina so in ga inda za ka gaji. Ba ka gaji ba. Ƙarfe ya ce a'a, kai ka ce e, tun azahar har yamma. Zuwaira ma haka yake. Tun yana yaro ba wanda ya iya da shi. Na ce wanda bai gudu ya bar ƙarfe ba, ba zai gudu ya bar shi ba. Ku je ku ƙarata. Na buga waya gida jiya."

Na hau godiya. Ya ɗaga hannu.

"Sharaɗi ɗaya. A gidanku, guduma a wurin Zuwaira zai zauna."

A wurinta take har yau, ban ma san inda take ɓoye ta ba. Sunan da Alhaji Tanko ya raɗa mini, Allah ya jiƙansa, ya bi ni. Da shi aka yi sanarwar ɗaurin aure, da shi ake kirana a masallaci, akwai matasan da suka taɓa kawo mini takardunsu na jami'a wai in duba musu lissafi. Faifai na takwas kuwa Yaya Razak ya saka shi cikin kayan gara, a ƙasan kwanon alkaki. Zuwaira ta maƙala shi a makullan gida.

Na koyi cewa in abu ya ƙi shiga, tambaya ake yi, ba duka ba, kuma in mai kaya ya ce wane iri kake so, ba raina maka hankali yake ba. Sai dai hali zanen dutse. Ko makon jiya injin wanki ya fara wani kuka, na miƙe na ce, "Kawo in duba." Zuwaira ba ta ma ɗago daga yankan albasa ba. Hannu kawai ta sa a aljihu ta kaɗa makullan.

Na koma na zauna.